Kalmar da Ta Dace da Kukan Hajja Mahasin

Karatun Hadisi ne ya kawo Murja Alƙahira daga Funtuwa. Tana shekararta ta uku a gidan hayar ɗalibai mata da ke Abbasiya yaƙin Sudan ya soma turo mutane Masar, kuma a cikin masu zuwan har da Hausawan can, jikokin mahajjatan da suka baro ƙasar Hausa da ƙafa, hanya ta ajiye su a bakin Nilu suka yi gida. Wani ƙaramin ofishin taimakon 'yan gudun hijira a unguwar Mohandessin ya nemi mai jin Hausa da Larabci da Turanci, wata ƙawarta ta kai sunanta, aka ɗauke ta aikin kwana biyu a mako.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. Za ta zauna tsakanin lauyar ofishin da mai ba da labari ta yi tafinta, ana ɗaukar muryoyinsu a na'ura. Bayan an tashi sai ta saurara ta rubuta komai da Turanci, ta miƙa wa Madam Eman. Ita Madam Eman dattijuwa ce 'yar Sa'id, kudancin Masar, ta shekara talatin tana koyar da Turanci kafin ta yi ritaya. Duk takardar da za ta fita daga ofishin sai ta bi ta teburinta. Ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya, amma ma'aikata sun fi tsoron jan bironta a kan faɗan shugaba.

Wata Talata da hantsi aka shigo da Hajja Mahasin. Doguwar tsohuwa ce, ta naɗe jikinta da baƙin tob irin na matan Sudan, tafin hannunta duk kanta. Lauyar ta gaishe ta da Larabci ta amsa, amma da aka zauna sai ta dubi Murja.

"Aka ce ke 'yar ƙasar Hausa ce?"

"E, Inna. Daga Funtuwa."

"To da Hausa zan yi. Larabci na kasuwa ne. Wannan magana ba ta kasuwa ba ce."

Hausarta ta ba Murja mamaki. Irin ta tsofaffin ƙauye ce, mai nauyi, sai ɗaiɗaikun kalmomin Larabcin Sudan da ke faɗowa a ciki. Ta ce a Mai Wurno, garin Hausawa a Sudan, aka haife ta, aure ya kai ta Sinja, a can mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Abakar, direban ƙaramar bas. Ta faɗi ranar da harbi ya shigo gari, da yadda suka bar tukunya a kan wuta. Tana magana a tsanake, Murja na juyawa, lauya na rubutu. Sai lauyar ta ce a tambaye ta ina Abakar yake yanzu.

Hajja Mahasin ta ɗora tafukanta a kan gwiwoyinta, ta soma ɗan rangaji gaba da baya. Daga nan wata murya ta fito daga ƙirjinta, siririya, doguwa, ta hau sama kamar za ta tsinke sannan ta sauko. Ba ihu ba ne, ba kuma waƙa ba ce, amma akwai kalmomi a ciki, kuma kowane layi da sunan Abakar yake farawa. Lauyar ta ajiye biro. A ɗakin da ke kusa aka daina buga na'ura.

A makon da ya wuce su Murja suka karanta babin hanin kururuwa a kan mamaci, har ta yi rubutu a kai malamarsu ta yaba. Ba ta tsaya sauraron abin da tsohuwar ke cewa ba. Ta miƙa hannu ta dafa gwiwarta.

"Inna, ki yi haƙuri, ki daina. Babu kyau. Addu'a yake bukata."

Nan take muryar ta yanke. Hajja Mahasin ta dube ta, ba da fushi ba, ta ja gefen tob ta share fuska.

"To, malama," in ji ta.

Daga nan ba a sake samun komai daga bakinta ba sai e da a'a. Abakar ya rasu? E. A ina? Ba ta sani ba. Yaushe? Da damina. Lauyar ta rufe fayil tana cewa bayanin bai cika ba, da wuya ya yi wani amfani a haka. Da Murja ta zo rubutawa, da ta kai wurin sai ta tsallake minti shida na na'urar, ta sa kalma biyu: "She cried."

Ranar Alhamis Madam Eman ta aika a kira ta. Ta same ta da abin sauraro rataye a wuya, takardar a gabanta, an zagaye kalmomin biyu da ja.

"Zauna, ya binti, 'yata. Ni ba na jin Hausa, amma ina da kunne. Minti shida matar nan ta yi. Ke kin ba ni kalma biyu."

"Kuka ta yi, Madam."

"Jariri ma kuka yake yi. Wanda ya yanka albasa ma haka. Turanci bai talauce har haka ba." Ta ɗaga yatsu tana lissafawa. "In hawaye ne ke zuba a hankali, weep. In da shessheƙa, sob. In murya ce ta tashi ba kalmomi, wail. Abin da wannan baiwar Allah ta yi yana da sunansa daban." Ta juya takardar ta rubuta a baya da manyan baƙaƙe: KEEN.

Murja ta leƙa, ta kusa yin dariya. "Madam, wannan ai na san ta. Tun ina firamare ake rubuta min ita a katin sakamako. Ɗaliba mai ƙwazo."

"Waccan daban, wannan daban. Kamar mutum biyu ne da suka yi kama, ba dangin iya ba na baba. Taki ta katin sakamako tsohuwar kalmar Ingilishi ce, da can tana nufin jarumi, daga baya ta koma kaifin wuƙa da kaifin hankali da zumuɗi. Wannan kuwa baƙuwa ce. Daga harshen mutanen Ailan Turanci ya aro ta, shekara ɗari biyu da 'yan kai da suka wuce." Ta sake rubuta wata kalma a ƙasa, caoin, ta furta ta a hankali, ta fito kusan daidai da ta saman. "A ƙauyukansu, in an yi mutuwa, akwai matan da ke tsayawa a kan gawa su kira sunan mamaci, su faɗi asalinsa, su jero abin da ya yi a duniya, sauran mata na amsawa. Ba a rubuce yake ba, nan take suke tsara shi. Limaman cocinsu sun yi ta yaƙi da abin har ya kusa ɓacewa. Kalmar dai ta tsira. Yanzu marubuta har iska suke ba wa ita, in tana kuka a jikin taga, ko jiniyar motar asibiti. Amma asalinta na mace ce da ta rasa wani, ta kuma ƙi barin a binne shi ba a faɗi ko wane ne shi ba."

"A addininmu ma an hana," in ji Murja, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Na sani. Kakata a Sohag, can garinmu, wannan ne aikinta, mu'addida muke ce musu. Mahaifina ya hana ta, ya kuma hana mu sauraro. Na girma ina jin kunyarta. Sai da na je karatu Dublin, babban birnin Ailan, na ji wata farfesa na karantar da irin abin da kakata ke yi a tsakar gida, na fita daga ajin na zauna a kan matakala na rasa inda zan sa kaina. Ban riƙe ko layi ɗaya nata ba." Ta tura wa Murja abin sauraron. "Ni ba mai fatawa ba ce, ke ce ɗalibar Hadisi. Amma kafin ki yanke hukunci a kan magana, ai sai kin ji ta. Ke tafinta ce. Me ta ce?"

Murja ba ta sani ba.

A nan gefen teburin ta zauna ta sa abin a kunne. Sau uku tana mayarwa kafin kunnenta ya saba da yadda tsohuwar ke jan kalmomi. Da ta soma ganewa sai ta ɗauki biro.

Abakar ɗan Mai Wurno, mai bas ruwan ɗorawa.
Abakar, sawun fari ni ka ɗauka, ka ajiye ni Gadarif a inuwar masallaci.
Abakar, sawu na biyu gidan Malam Harun, su goma sha ɗaya, har da akuyarsu.
Abakar, sawu na uku makafin bakin kasuwa, da ka goya su ɗaya-ɗaya.
Abakar, kwana tara ban ga ka zauna ka ci da hannu biyu ba.
Abakar, ka ce saura matar tela, cikinta ya tsufa, ƙafarta ba ta kai ta.
Na ce kada ka koma, ka ce Inna, to wa zai koma?
Abakar, ranar Laraba wayarka ta kira ni da muryar wani.
Wanda ya ba ni kai Shi ya karɓe ka, ban ce don me ba.
Ina dai faɗa ne don a sani an yi ka.

Haka ya ci gaba, da sunayen unguwanni da na mutane, da hanyar da ya bi ta gadar Dindir, da ranar da ruwa ya cinye hanya suka tura motar da hannu. Duk abin da lauya ta nema ta rasa yana ciki, a jere, ba tuntuɓe. Kuma a daidai tsakiyar wani layi sai Murja ta ji muryarta ita kanta, ƙarama, mai cike da tabbaci, tana cewa a daina, babu kyau. Ta cire abin daga kunnenta, ta kifa fuska a kan takardar.

Madam Eman ta bar ta ta huce, sannan ta ce ta juya mata shi. Murja na karantawa da Turanci, dattijuwar na saurare ido a rufe. Da aka zo kan matar tela sai ta buɗe ido.

"Sake faɗa min launin motar."

"Ruwan ɗorawa."

"Tamam, daidai," in ji ta, ta yi ɗan rubutu a gefen kalandarta.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Murja ta hau metro, jirgin ƙasa na cikin gari, daga Abbasiya, ta canza layi, ta sauka a unguwar Hadayek el-Maadi. Ta sha tambaya kafin ta gano gidan, hawa na biyar a wani lungu da shanya ta rufe samansa. Ɗaki ɗaya ne Hajja Mahasin ke ciki tare da wasu mata biyu. Ta same ta a baranda tana tsince wake a tire.

Murja ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta ce ta zo neman gafara.

"Na katse ki ban ji abin da kike faɗa ba, Inna. Jiya na ji."

Tsohuwar ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, "Tashi ki zauna, ya bitti, ƙasan da sanyi. Ke a makaranta aka gaya miki, ni ma na san abin da aka hana. Na yaga riga? Na mari fuska? Na ce Allah Ya zalunce ni?"

"A'a, Inna."

"Kakata da ta taso daga Sakkwato, mutum bakwai ta binne a hanya kafin su ga Nilu. Ba ta iya rubutu ba. Haka take jero su, kowa da inda ya faɗi da abin da ya yi, mu muna yara muna ji. Har yau zan iya faɗa miki su bakwai ɗin. Ni Abakar ban ga gawarsa ba, ban san ramin da aka sa shi ba, ba wanda ya zo min gaisuwa, kowa na gudun ransa. In na faɗe shi da magana irin ta kullum, harshena ba ya ɗauka. Sai ta wannan hanya yake fita."

Murja ta ce ita har yanzu ba ta san iyakar abin da ya halatta a nan ba, za ta kai wa malamarta tambayar yadda take, ba tare da ta rage komai ba. Amma ta san ta yi kuskure da ta hana abin da ba ta saurara ba. Ta nemi izini a sa kalmomin a cikin fayil. Ta kuma gaya mata cewa Turawa ma suna da suna ga irin wannan kuka, daga wata ƙasa mai sanyi da ruwan sama, inda tsofaffin mata ke yin haka.

Hajja Mahasin ta ɗago kai a karo na farko. "Su ma ana hana su?"

"An hana su."

"Suka daina?"

"Yawancinsu."

"Allah sarki," in ji ta, ta girgiza kai kamar an ba ta labarin wasu 'yan uwa da ba ta taɓa gani ba. "To ki rubuta. Amma ba ki ji ƙarshensa ba, kin tare ni a tsakiya. Kawo abin naki."

A wannan baranda, motoci na ta hon a ƙasa, mai sayar da gas na buga tukunyarsa da ƙarfe, Hajja Mahasin ta ajiye tire ta ɗauko daga inda aka katse ta, ba ta ɓata ko layi ba. Matan ɗakin suka fito suka tsaya a bakin ƙofa. Murja ta riƙe waya da hannu biyu tana ɗaukar muryar har aka gama.

A sabon rubutun ta sa "She keened for her son," sannan ta jero kalmomin duka a ƙasa, Hausa a hagu, Turanci a dama. Lauyar ta karanta ta ce yanzu fayil ya zama fayil. Madam Eman ta gyara waƙafi biyu kawai.

Bayan mako biyu Madam Eman ta sake kiran ta, ta rufe ƙofa. Ta ce wata huɗu da suka wuce wani fayil ya bi ta teburinta, na wata matashiya mai suna Israa, matar wani tela daga Sinja, wadda ta ce wani direba Bahaushe mai bas ruwan ɗorawa ne ya fitar da su. Dokar ofis ba ta yarda a haɗa masu fayil biyu ba sai kowannensu ya amince, shi ya sa ta yi shiru har sai da shugaba ya sa hannu, aka tambayi Israa, ta fashe da kuka a waya ta ce tun da ta iso take neman dangin mutumin nan. Saura Hajja Mahasin.

"Ke za ki tambaye ta," in ji Madam Eman. "Da harshenku."

Hajja Mahasin ta amince. Ranar da aka haɗa su, Murja ce ta raka Israa hawa biyar ɗin nan. Siririyar mace ce, tana saɓe da yarinya mai koyon tafiya. Tana shiga ta zube a gaban tsohuwar ta kama ƙafafunta, Hajja Mahasin ta ɗago ta ta zaunar kusa da ita a kan katifa. Da Larabcin Sudan suka yi, Murja ba ta da aikin yi sai sauraro.

Israa ta ce sun wuce gadar Dindir da kaɗan aka buɗe wa motar wuta daga cikin gona. Harsashi ya sami Abakar a gefen ciki. Bai tsaya ba. Ya ci gaba da tuƙi da hannu ɗaya, yana ce musu su kwanta ƙasa, har sai da ya shigar da su wani ƙauye ya kashe mota a gindin bishiya, ya ɗora kai a kan sitiyari. Mutum goma sha tara ne a ciki, ba wanda ya ƙwarzane. Mijinta Ayman ne ya ɗauki wayarsa ya kira lambar da aka rubuta wa Inna, kafin ya gama magana layin ya ɗauke, bai sake dawowa ba.

Murja ta saci kallon tsohuwar, tana jiran muryar nan ta tashi. Ba ta tashi ba. Hajja Mahasin ta zauna a miƙe, tana tambaya ɗaya bayan ɗaya kamar mai karɓar saƙo.

"An yi masa wanka?"

"An yi, ya Hajja. Limamin ƙauyen da kansa."

"Likkafani fa?"

"Farin yadi ne da Ayman ya taho da shi a jakarsa. Shi ya ɗinka da hannu."

"Mutum nawa suka sallace shi?"

"Duk mazan motar, da na ƙauyen. Sahu uku."

"Sahu uku," in ji Hajja Mahasin da Hausa, ta juyo ta dubi Murja. "Kin ji? Sahu uku." Ta koma ga Israa. "Wace bishiya ce?"

"Laloba ce babba, a gabashin rijiya. Ayman ya kafa ƙarfen taya a wajen kansa don a gane."

"Aduwa," tsohuwar ta fassara wa kanta. Ta sa aka maimaita mata sunan ƙauyen sau biyu, ta ce Murja ta rubuta mata a takarda da manyan baƙaƙe duk da ba ta karatu, ta ninke ta ƙulle a gefen tob. Sai a lokacin hawaye suka zubo mata, shiru, ta bar su suna sauka ba ta share ba. Yarinyar, wadda aka haifa a Gadarif kwana shida bayan wannan rana, ta dafa gwiwarta ta miƙe tsaye tana jan carbin da ke hannunta. Hajja Mahasin ta sakar mata shi.

Da la'asar ta kawo jiki Israa ta ce za su tafi, hanyarsu da nisa. Tsohuwar ta ce ba inda za su ba su ci komai ba. Ta aiki ɗaya daga cikin matan ɗakin ta sayo burodi, ta hura gawayi a ɗan murhu a baranda, ta zuba 'ya'yan gahawa a kasko tana soyawa, tana tambayar Israa ko mijin nata ya samu keken ɗinki a nan, don akwai wani ɗan Sinja a lungu na uku da ke neman mai taya shi aiki.